Tsinken Tsire a Shafi na Casa'in

Litinin, 4 ga Maris, 1974
Kwana hamsin da biyu da rasuwar Baban Fatu. Yayarsa, Yaya Baiwa, ta sauka a jirgin ƙasa na safe daga Gusau, wai ta zo taya ni zaman takaba. Na san abin da ya kawo ta Agege. Ko kaya ba ta kwance ba ta dubi Fatu ta ce, "Ikko ba wurin renon marainiya ba ne." Yarinya 'yar shekara huɗu, ita kaɗai ya bar mini.

Alhamis, 7 ga Maris
Dalili take nema, kuma dalilin yana ƙarƙashin katifata. Littafin soyayya na Turanci da na saya a Oshodi, ga bango ɗauke da ƙato ya riƙe mace a ƙugu. In ta gan shi a hannun mai takaba, shi ke nan.
Ya kamata in jefa shi a murhu. Na kasa. Ni nake karanta wa Baban Fatu da rana kafin ya fita wurin tsirensa, ina juya masa da Hausa. Malamar makaranta ce mai tsabtar tsiya da baki kamar reza, da wani mai kiwon dawaki da ba ya cewa uffan. Kullum faɗa. Sai ya taɓe baki ya ce, "Shirme. Aure za su yi, Kalsum." To ai daɗin ke nan! Ka san za su shirya, kuma babu mai mutuwa. Mu ma haka muke, ni surutu, shi gum.
Tsinken tsiren da ya sa mana alama yana shafi na casa'in. Ban taɓa wuce shi ba.

Asabar, 9 ga Maris
Na yi wauta. Ta tafi famfo, na ɗauko littafin na maimaita wurin da doki ya cinye wa malamar hula. Dariya ta kuɓuce mini. Ɗaga kan da zan yi, ga ta a bakin ƙofa da bokiti. Na danne shi da cinya, na mai da dariyar tari. Ta ajiye bokitin ta juya. Wallahi gara ta zage ni.

Lahadi, 10 ga Maris
Ta ƙulle kayan Fatu a ɗankwali, ta tambayi maƙwabta ranar jirgi.

Talata, 12 ga Maris
Ban iya cin komai. Ko tabarma ta ɗaga sai gabana ya faɗi.

Laraba, 13 ga Maris
Ta fitar da katifa shanya. Ina tsakar gida na ji faɗuwar littafin, tim.
Na shiga. Tana zaune da shi a cinya, ta kife bangon, tana jujjuya tsinken. Na fara ƙarya, wai na koyon tafireta ne. Ta ce, "Rufe mini baki. Wannan ne na mai dawakin?"
Na gyaɗa kai.
Ashe da Baban Fatu ya je gida Sallar layya, shi ya tara su a zaure yana ba su labarin, har da kwaikwayon muryar malamar. Baban Fatu fa! Mutumin da sai ka yi da gaske ya haɗa magana uku! Ya tsaya musu a tsakiya, ya ce sai matarsa ta ƙarasa masa zai kawo musu saura.
Ta goge ido da bakin mayafi ta ce, "To, sun yi auren?"
Na ce ban sani ba, Yaya.

Asabar, 16 ga Maris
Jirgi ya wuce ɗazu, ɗakin har girgiza yake. Yaya tana nan, tun Laraba nake karanta mata. Ta ce malamar nan ta cika fitsara, irina ce sak. Ba ta yi maganar Fatu ba, ni ma ban tambaya ba, amma na ga ɗankwalin nan a kanta.
Har yanzu faɗa suke. Tsinken yana shafi na ɗari da goma sha biyu. Ba ni na matsar da shi ba, ita ce. Ni dai ban hana ba.