A Buɗe Armuwar, A Mayar wa Laraba Zanen Maganarta

Zuwa ga Mai Girma Mai Duba Makarantun Firamare na yankinmu, a nan Yamai.

Ranka ya daɗe, ina gaishe ka gaisuwar girmamawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da duk waɗanda ke aiki a ƙarƙashinka. Ina kuma yi maka barka da wannan kujera, wadda kwanan baya Bature ne a kanta, yau ga ɗan ƙasa.

Sunana Rifkatu, mutuniyar Dogondutsi. Ina zaune a Saga, ina ɗinki da keke a cikin gida. Maigidana direban babbar mota ne a hanyar Maraɗi, sai ya yi makonni ba mu gan shi ba. Karatun Hausa a majami'a na koye shi, Faransanci kuwa ba ni da shi sai na gaisuwa. Na zo buronka, wato ofishinka, ba sau ɗaya ba, kullum a ce mini kana rangadi. Shi ya sa na rubuta wannan na miƙa wa masu buga takarda, don in ba ta same ka a kan teburinka ba, ta same ka a bakin mutane. Ba zan kama sunan lakwal ɗin, wato makarantar, ba, ba kuma zan kama sunan Direktanta ba. Ka san su.

Na ɗaya. Ina da ɗiya, sunanta Laraba. Tana ƙarama sanƙarau ya kama ta. Ta tashi, amma ya tafi da bakinta, ya kuma raunana mata hannun dama da ƙafa guda. Kunnenta garau ne, hankalinta garau ne. Tana jin Hausa, tana jin Zabarmanci fiye da ni, yanzu har Faransanci tana ji. Magana ce kawai babu. Da muka ji ana ta faɗi a rediyo cewa ƙasa ta zama tamu, kowane ɗa na lakwal ne, sai na kama hannunta na kai ta. Aka karɓe ta, na gode.

Na biyu. Hannun da zai riƙe alli bai da ƙarfi, kafin ta rubuta kalma guda a kan allo an wuce wurin. Don haka na zauna na yi mata abin da na iya. Na sami farin zane mai kauri, na yanka ƙyallaye na ɗinke masa hotuna a jere: ruwa, tuwo, gida, lakwal, yarinya, yaro, makewayi, ciwo, barci, rana, i da a'a, da wasu. Takan shimfiɗa shi a cinyarta ta aza yatsan hagu a kan abin da take nufi. Ranar da na gama shi ta aza yatsa a kan tuwo, ta aza a kan a'a, ta yi dariya har da hawaye. Ashe duk shekarun nan tuwon dawa nake ba ta ba ta so.

Madam ɗin ajinsu, mace mai kirki, ta yi murna da zanen. Ita ce ta ce in ƙara lambobi da baƙaƙe a gefe. Yara suka koyi karanta yatsan Laraba. Wadda ta fi kowa iyawa ita ce Hamsatu, ɗiyar wani manomin shinkafa, Bazabarme maƙwabcinmu. Benci guda suke zama. In Laraba ta nuna, Hamsatu ce ke ɗaga murya ta faɗa wa aji.

Na uku, kuma nan ne nake roƙon ka karanta a hankali. Ka san bayan lakwal ɗin gonakin shinkafa ne, bayansu gulbi. Da sanyi ya shigo ruwa ya cika, ya haye gonaki har ya zo kusa da darni, shingen lakwal ɗin. Laraba ba ta iya guje-guje, saboda haka lokacin shan iska a gindin bedi, itacen dogonyaro, take zama, ta fuskanci darnin. Mai zama wuri guda yana ganin abin da masu gudu ba su gani.

A kwanakin nan ta soma nuna mini abu iri ɗaya duk yamma in ta dawo: yarinya, ruwa, barci. Na ce wanka take so kafin ta kwanta, ta aza a kan a'a. Na ce ƙishirwa, a'a. Ta sake: yarinya, ruwa, barci. Tana yi tana kallon idona.

Ran nan, ana cikin shan iska, ta taso daga gindin bedin tana jan ƙafa, ta je ta kama zanen Madam, ta shimfiɗa nata a ƙasa ta nuna hotunan nan. Madam ta ɗebo mata ruwa a moɗa. Ta ture moɗar har ruwan ya zube. Ta yi ta buga yatsa a kan hoton ruwa har farcenta ya tsage. Wadda za ta fassara ba ta nan, domin ita ce ake magana a kanta. Sai da aka buga ƙararrawa aka shiga aji aka ga wurin Hamsatu babu kowa. Washegari masunta suka same ta a cikin ciyawar ruwa, ƙasa da gonaki, da furen bado a damƙe a hannunta.

Ranka ya daɗe, ga yadda ni na fahimci abin. Hamsatu ta saba ratsa ɓarakar darni ta je tsinko bado, ruwa kuwa kullum ƙaruwa yake. Laraba tana gani, tana tsoro. A zanen babu hoton haɗari, babu na mutuwa, domin ba uwar da za ta zauna ta ɗinka wa ɗiyarta irin wannan. Sai ta ɗauki mafi kusa, mutum a kwance ido rufe. Abin da na yarda da shi ke nan.

Mutanen unguwa ba haka suka ɗauka ba. Madam, cikin kuka, ta faɗi a wurin makoki abin da Laraba ta nuna mata. Ni ma, da zuciya ɗaya, na ce ai ta kwana biyu tana nuna mini haka. Ban rufe baki ba na ga mata sun janye tabarmarsu. Kafin a share makoki magana ta gama Saga: bebiyar nan da mutanen ruwa, aljanun gulbi, take hira, zanen nan shi ne takardarsu, duk wanda yatsanta ya sauka a kansa an kira shi. Uwar Hamsatu, wadda muke daka a turmi guda, in ta hango ni yanzu sai ta koma ɗaki. Ita ban ga laifinta ba.

Na huɗu. Wanda nake ƙara a kansa shi ne Direkta. Iyaye suka je masa a taro. Maimakon ya tsaya ya yi musu bayani, shi da ya yi karatu, sai ya shiga aji ya zare zanen daga cinyar Laraba a gaban yara. Madam ta ce mini bai taɓa shi da hannu ba, da sandar nuna allo ya ɗauke shi. Ya kai buro ya jefa a armuwar, wato kabad ɗin ƙarfe, ya kulle.

Na je na durƙusa na gaishe shi. Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan zane shi ne bakinta."

Ya ce mini, "Madam, lakwal wurin ilimi ne, ba wurin duba ba."

Na ce to ya ba ni abina in tafi da shi gida. Ya ce ba zai buɗe ba. Na ce to ya ƙone shi in huta da tunani. Ya dube ni, ya dubi armuwar, ya ce wannan ma ba zai yi ba.

Ka aiko a duba in ƙarya nake yi. Tun ranar ba a sake buɗe armuwar ɗin nan ba. Allin lakwal yana ciki, taswirar ƙasa tana ciki, tutar da ake ɗagawa ran Litinin tana ciki. Malamai da guntayen alli suke aiki. Direkta ya fitar da teburinsa baranda, a nan yake zama cikin wannan sanyi, buro a rufe a bayansa. Mai tsaron ƙofa ya daina share gefen. Mutumin da ya ce mini bai yarda da duba ba, shi ne bai iya zama ɗaki guda da ƙyallayen da na yanka daga ragowar ɗinkin mutane.

Na koma gida na ɗinka sabo. Direkta ya hana shi shiga. Duk safiya mai tsaron ƙofa yana buɗe jakar Laraba da tsinke.

Na biyar. Ga halin da take ciki yanzu. Ba ta daina magana ba. Tana zaune ita kaɗai a bencin da suke zama da Hamsatu, tana aza yatsa a kan cinyarta, a daidai inda kowane hoto yake a da. Babu komai a wurin sai rigarta. Yara kuwa sun haddace wuraren. Madam ta ce da Laraba ta ɗaga yatsa aji yakan yi tsit, har a ji kukan kwaɗi daga gonaki. Idanu duka su bi yatsan. In ya nufi kusurwar da ruwa yake, sai a ji benci na motsi, yara suna matsawa.

Makon jiya fitsari ya matse ta. Ta aza yatsa a wurin makewayi, wanda ke kusa da wurin ruwa. Wata yarinya ta yi ihu, aji ya watse, har da masu fita ta taga. Ɗiyata ta yi fitsari a zaune. Haka ta dawo mini, rigarta jiƙe, ba kuka, ba komai. Ta kwanta ta juya wa zanen gida baya, sai da ta kwana biyu kafin ta sake taɓa shi.

Na shida. Wannan ban so in rubuta shi ba, don na san yadda za a juya shi. Amma gara a zage ni da in yi shiru karo na biyu.

Har yau ba a gyara darnin ba. Ɓarakar tana nan, na je na gani da idona, da sawun ƙananan ƙafafu a cikin laka, sababbi. Ruwa bai soma janyewa ba. Laraba kuma tana nan a gindin bedi tana kallo. Da ta koma ga zanen gida sai ta soma nuna mini: lakwal, yara, ruwa. Daga nan ta kai yatsa can bakin zane, inda babu hoto, ta danna ta bar shi a wurin. Na gane akwai kalmar da ba ta da ita. Na ɗinka kada, ta ce a'a. Na ɗinka dorina, a'a. Maciji, jirgin masunta, baƙon mutum, duk a'a. Na bar ɗinkin mutane ya taru ina ta yankan ƙyallaye. Daga ƙarshe, don na ga tana ɗan lanƙwasa yatsun hagunta tana buɗewa, sai na ɗinka hannu yana yafito, irin yadda ake kiran mutum daga nesa. Da ta gan shi sai ta jawo zanen ta nuna mini a hankali, kamar mai koya wa ƙaramin yaro: yarinya, ruwa, zo.

Na tambaye ta, wata yarinyar aji ce ke kiran 'yan uwanta su je tsinko bado? Ba ta taɓa i ba, ba ta taɓa a'a ba. Na ce kewar Hamsatu kike yi, kina so ta dawo? Nan ma ba ta taɓa komai ba. Akwai tambaya ta uku, ko daga cikin ruwan ake yafitowar, ban yi ta ba.

Ni mai bin Almasihu ce, ban girma da tsoron mutanen ruwa ba, ba kuma na roƙon ka yarda da su. Wataƙila wata babbar yarinya ce daga gonaki ke yafito ƙanana. Wataƙila kewa ce kawai ta yarinyar da ta rasa mai faɗin maganarta. Ban sani ba. Abin da na sani shi ne, a duk lakwal ɗin nan mutum guda ne ke kallon darnin, kuma ita aka rufe wa baki.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga roƙona.

A toshe ɓarakar nan, a kuma sa babba ya tsaya a wurin lokacin shan iska har ruwa ya janye. Wannan kada ya jira ka dawo daga rangadi.

Ka zo da kanka ka sa a buɗe armuwar a gaban yara da iyayensu. Ka ɗauki zanen da hannunka, ka juya shi ciki da waje su ga zare ne da ƙyalle, ka aza shi a cinyar Laraba. In suka ga babba ya taɓa bai mutu ba, za su huce.

A bar Madam ta zauna da ita a natse, ta yi ta tambaya har a gane abin da take gani. Ta fi ni dabarar tambaya, zuciyarta kuma ba ta rawa kamar tawa.

Ka kuma rubuta wa sauran makarantu cewa yaron da ba shi da baki, duk abin da yake magana da shi, allo ne, hoto ne, zane ne, kada wanda ya raba shi da shi. Ba Laraba kaɗai sanƙarau ya bari a haka ba. Akwai su a Gudel, akwai su a Lazare, a ɓoye cikin gidaje. Duk uwar da ke so, ta zo in nuna mata yadda ake ɗinkawa.

Ban nemi a kori Direkta ba. Tsoro ne ya kama shi, ni ma na san tsoro. Gobe da safe zan sake kama hannun ɗiyata in kai ta ƙofar lakwal, a buɗe jakarta da tsinke, ta shiga ta zauna a gindin bedi. Ni kuma zan ɗauki tabarmata in je in zauna a bakin ɓarakar nan, da bayana ga ruwa, har ranar da ka aiko wanda zai karɓe ni.

Allah ya ja zamaninka, ya ba ka ikon riƙe amanar 'ya'yan mutane, ya tsare naka daga ruwa da wuta. Allah ya ji ƙan Hamsatu, ya ba uwarta haƙuri.

Wassalam.

Ni ce mai biyayya gare ka,
Rifkatu, uwar Laraba, Saga.