Gauraki Sun Yi Sheƙa a Gonar Baba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar ƙanwa mai kewar yayanta, da fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Allah ya ƙara maka lafiya da rufin asiri, ya sa albarka a aikin da ya kai ka nesa da mu. Mu nan lafiya lau muke. Ƙafar Inna ta yi sauƙi sosai tun da aka canja mata magani, har ta koma zagaya gida tana yi wa kowa faɗa, ka kuwa san wannan ce shaidar ta warke. An mayar da maigidana aikin safe, yara suna ta karatu. Ƙaramar ta fara haɗa baƙi, ko kwalin sabulu ba ta bari ya wuce ba ta karanta shi ba.

Na zaɓi in rubuto ne maimakon in kira ka, don na san halinka, a waya za ka katse ni tun ban kai rabi ba. Albishir nake tafe da shi, da kuma roƙo guda. Gwamnati ta amince ta ba ƙungiyarmu tallafin gyara tafkin bayan gari. Takardar ta iso ranar Litinin ina cikin aji, na karanta ta sau uku a tsaye kafin na yarda da idona.

Shekara tara rabonka da gida, don haka bari in gaya maka yadda tafkin ya koma. Ka tuna muna yara, in Baba ya tafi da mu gona, yadda gauraki ke cika bakin ruwa da tukkunsu mai ruwan zinariya, kukansu har cikin gari? Bara da muka ƙirga, goma sha ɗaya muka samu. Yashi ya toshe mashigar ruwa, an sare itatuwan da suke kwana a kai, gonaki sun matso har bakin ruwa, babu sauran doguwar ciyawar da za su ɓoye sheƙa. 'Ya'yan da suka ƙyanƙyashe kuma ana kamawa a sayar wa masu son adon tsakar gida. Wannan ya sa mu 'yan kaɗan, malamai da masunta da manoma, muka kafa ƙungiya shekara huɗu da suka wuce, aka ɗora mini aikin sakatariya saboda wai ni ce mai koyar da kimiyya.

Sau biyu muna nema ana mayar da mu. A karo na uku na ɗauki takardun da kaina na kai ma'aikatar muhalli. Ofishin yana hawa na huɗu, a ƙarshen wani dogon baranda, fayil-fayil jibge har saman kabad, fanka tana juyi tana ɗaga takardu an danne su da kofin shayi. Shugabar sashen wata mace ce mai tabarau, ba ta da yawan fara'a. Ta karanta shafi talatin ɗin nan ina zaune, sannan ta ce rubutunmu ya yi kyau, amma kowa ma ya iya rubutu. Ta ce tallafin na wuraren da halittu masu shirin ƙarewa suke hayayyafa ne har yanzu, ba wuraren da suka taɓa zama ba. In za mu iya nuna mata sheƙa mai ƙwai da idonta, za ta tsaya mana. Na ce mata ta zo. Wallahi Yaya, a lokacin ni kaina ban taɓa ganin sheƙar gauraka ba sai a littafi.

Suka zo su uku a tsakiyar damina, da dogayen takalman roba da madubin hangen nesa. Tun hantsi muke zagaya tafkin har rana ta take, ba mu ga ko gashin gauraka ba. Balbelu dai ga su nan kamar an gayyace su. Shugaban ƙungiyarmu sai share gumi yake yana cewa jiya-jiyan nan suna nan, abokan tafiyar mai tabarau kuma sun fara duba agogo. Mun juyo ke nan za mu koma wajen mota sai ga Kawu a bakin hanya, ya jingina da gorarsa yana kallonmu.

Ka san Kawu, kuma ka san sana'arsa. Shekara talatin yana kama 'ya'yan gauraki yana kaiwa birni. Tun da muka kafa ƙungiya ya daina amsa gaisuwata da kyau, yana ce wa Inna 'yarta ta yi boko ta dawo za ta raba shi da abincinsa. Da na gan shi gabana ya faɗi, na ce yau sai abin da Allah ya yi. Ya dubi takalman baƙin, ya dube ni, ya ce mun yini muna neman tsuntsu a inda ko mahaukacin tsuntsu ba zai zauna ba. Ya ce mutum biyu kawai za su biyo shi, kuma duk mai tari ya tsaya a nan.

Ni da mai tabarau muka bi shi. Ruwa ya kai mana gwiwa, ya kai cinya, taɓo ya cire mata takalmi ɗaya ta ciro shi ta riƙe a hannu ta ci gaba. Can ya ɗaga hannu muka tsaya, ya sa gora ya buɗe ciyawa a hankali. Ga tarin ciyawa an tattake shi kamar faifai a kan ruwa, ga ƙwai biyu a tsakiya, uwar kuma tana can gefe ta miƙe wuya tana harararmu. Na ɗaga kai don in gane inda muke, sai na hango tsamiyar nan ta kan iyaka. A ƙasan gonar Baba muke, Yaya, a ɗan gefen da ruwa ke shanyewa duk damina.

Da muka fito ta tambaye shi yadda aka yi ya san wurin. Na yi ta ƙifta masa ido, bai ko kalle ni ba. Ya gaya mata gaskiya tsaf, cewa shi ne mai kwashe 'ya'yansu, kuma wannan sheƙar ma ya yi mako biyu yana jiran ta. Ya ce da can yakan samu sheƙa ashirin a damina ɗaya ya zaɓa, bana guda biyu ya gani duk faɗin tafkin, kuma ya fara jin tsoron kada a ce a hannunsa na ƙarshe ya ƙare. In kama shi za su yi, ga shi. Ta dube shi ta saman tabarau, sannan ta juyo ta ce mini a shafi talatin ɗin da na rubuta babu abin da ya kai mutumin nan amfani, me ya sa ban sa shi a ciki ba.

To ga abin da aka amince. Aikin na shekara uku ne. Za a yashe mashigar ruwa kafin damina mai zuwa, a dasa itatuwa a gefen gabas, a ɗauki masu gadi shida daga cikin mutanenmu, Kawu ne shugabansu. Har ya fara tafiya da wata irin isa, ya ce wa matarsa Goggo daga yanzu sai ta nemi izini kafin ta yi masa magana. Ƙwan nan biyu kuwa duk sun ƙyanƙyashe, ɗaya ya rayu, yanzu yana tashi tare da iyayensa.

Sharaɗi ɗaya ne ya rage, shi ne roƙona. Duk mai gona a bakin tafki zai bar taku arba'in daga ruwa, ba noma ba gini, har shekara goma, don ciyawa ta dawo. Gonaki goma sha tara ne, sha takwas sun sa hannu. Saura tamu, kuma ba za a karɓa ba sai da hannun duk magada. In watan nan ya ƙare ba mu cika ba, tallafin zai koma ga ƙungiyar da ke bin mu a layi, domin wurin da aka ga sheƙar shi ne zuciyar aikin gaba ɗaya.

Ban manta da burinka ba. Na san a gefen ruwan nan kake son gina gidan da za ka huta in ka dawo, har zanensa ka taɓa aiko mini. Na kuma san abin da za ka ce, cewa in hukuma ta sa ƙafa a fili ba ta fita. Shi ya sa ban tsaya ga maganar baki ba, na kai takardar wajen lauya muka bi ta layi-layi. Filin yana nan da sunanmu, ba a saya ba, ba a karɓe ba, bayan shekara goma mu ne masu cewa a ci gaba ko a tsaya. Na sa magini ya duba tudun da ke sama da tsamiya, ya ce ya fi gefen ruwan kyau nesa ba kusa ba, don can ƙasa ko ka gina sai danshi ya ci bangon. Daga tudun ana ganin tafkin gaba ɗaya. Ba na ce ba ka rasa komai ba, ka rasa taku arba'in na shekara goma, kuma na san ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya daɗe yana tanadi a ƙasar mutane. Amma ni hankalina kwance yake. Na ga masuntan da ba sa ga maciji da manoma sun zauna a benci ɗaya sun sa hannu, na san aikin nan zai yiwu, kuma na san yayan da nake da shi.

Ga takardar nan na haɗo a cikin ambulan, inda za ka sa hannu na yi alama da fensir a shafi na uku. Ka ɗauki hotonta ka turo ta waya tukuna, asalin ya biyo baya. Inna ta ce in gaya maka ita ta riga ta dangwala yatsanta a kan nata kason, kuma ta ƙi wanke tawadar, duk wanda ya shigo gaishe ta sai ta nuna masa. Ta ce ba ta taɓa jin an bar tsohuwa ta shiga ruwa ɗanta yana tsaye a tudu ba.

Ka gaishe mini da matarka da kyau, na gode da mayafin da ta aiko. Ka gaishe da babbar 'yarka, Allah ya ba ta sa'ar jarrabawa, da Auta mai rigima. Inna, Goggo, maigidana da yara duk suna gaishe ku. Kawu ma ya ce a gaishe ka, wai ka yi sauri, yana da aiki a gabansa.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
wadda 'yan unguwa suka laƙaba wa Malamar Tsuntsaye