'Yar Farina Ta Tona Ni A Rediyo, Ni Kuma Na Watsa Mata Aiki

Assalamu alaikum mai shafi da masu karatu, da fatan kuna lafiya. Don Allah a sakaya sunana, kuma kafin kowa ya ɗauko bulala ya bari in kai ƙarshe, don har yanzu raina a ɓace yake.

Ni uwa ce a Talata Mafara, ina koyar da matan aure karatu a gidana. 'Yar farina Dakta ce, ta karatu ba ta allura ba. Sunanta kam ba za ku ji shi daga gare ni ba, tun da na haife ta ban taɓa kiransa ba, kunyar ɗan fari ce, haka muka taso muka tarar. Bincikenta a kan yaran da suka ga tashin hankali ne, yadda firgicin ƙuruciya ke kwanciya a jiki ya koma ciwon ciki da fitsarin kwance, har hawan jini bayan an girma. An ce a jami'o'i har na waje ana karanta rubutunta, masu bincike suna kafa hujja da shi, ma'aikatan asibiti ma sun fara tambayar me yaro ya gani kafin su rubuta magani. Ta kuma buɗe wani zama a Maradun da Bakura, inda matan da suka gudo daga Gidan Goga da ƙauyukan kewaye suke kawo 'ya'yansu. Ina jin daɗi? Ƙwarai kuwa, amma in aka yabe ta a gabana kau da kai nake yi.

To, rannan ana hira da ita a rediyo, ɗalibaina na zaune muna ji, aka tambaye ta me ya kai ta wannan fanni. Sai ta ce ita ma irin yaran ce. Ta ce tana ƙarama ƙanenta ya faɗa magudanar ruwan Bakolori a gabanta, ruwa ya tafi da shi, kuma daga ranar babu wanda ya taɓa rungumarta ya tambaye ta me ta gani. Ta ce abin da bincikenta ya fi nunawa shi ne yaron da ya samu babba ko ɗaya ya riƙe shi ya saurare shi yakan fi saurin warkewa. Ba ta ambaci sunana ba, amma wa ke buƙata? Matan nan duk suka sunkuyar da kai, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ƙarya ta yi? A'a, kuma abin da ya fi ƙona ni ke nan. Ta daina magana, tana jiƙa shimfiɗa, kullum ciki na ciwo. Na yi mata jiƙo, na karɓo rubutu, na wanke tsummanta ba wanda ya sani. Amma in ɗora ta a cinya uwar mijina na kallo, a ce ga marar kunyar da ke lallashin 'yar fari? Kuma ɗan da ruwa ya ci ba ni na haife shi ba? Ni wa ya rungume ni? Haƙuri aka ce in yi, na yi. Yau ita da na wanke wa fitsari ta hau rediyo da digirinta ta mai da ni misalin uwar da ba a so.

Da wannan zuciyar na je suna a Bakura. Can na haɗu da wata tsohuwar ɗalibata, ita ce ke tara wa 'yar tawa matan gudun hijira. Na ja ta gefe na ce ku yi hankali, duk abin da yaran suka faɗa ɗauka take tana kai wa Turawa da sunayen iyayensu, wadda ta tona uwarta ba za ta rufa wa bare ba. Na san ƙarya nake, na san ko sunan yaro ba ta rubutawa. Na ce kada a ce daga ni aka ji. Maganar uwa a kan 'yarta wa zai musa? Kafin in farga zancen nan tawa ta kai Maradun, har an ƙara mata gishiri, wai masu bindiga ma za su ji wanda ya yi magana. Mata suka janye 'ya'yansu, wurin ya watse. Su ma haushinsu nake ji, mutum ya yi ta muku hidima, magana ɗaya ta sa ku juya masa baya.

Shekaranjiya 'yar tawa ta zo gida da la'asar, idanunta jawur. Babu wanda ya iya gaya mata tushen maganar, kunyata suke ji. Ta ba ni labarin wata yarinya da aka kashe ubanta a gabanta, wadda ta fara buɗe baki a zaman nan, yanzu uwar ta hana ta zuwa, ta koma shiru ko abinci sai an ɗura mata. Sannan ta zauna a ƙasa ta ce, "Inna, mi niy yi musu? Ke suka jin maganakki. Ki taho ran Asabar ki hwaɗa musu ni ɗiyarki ce, ba ni cin amana."

Na ce, "Ke da kin iya hwaɗi a rediyo, mi kika nema wurina?"

Kanta kawai ta ɗora a gwiwata tana kuka, mace da 'ya'yanta. Uwar mijina ta daɗe a kabari, ba kowa a tsakar gidan sai kaji, amma wallahi hannuna ya ƙi sauka a kanta. Haka ya tsaya a sama har ta tashi ta gyara mayafi ta tafi.

Yanzu Asabar ta matso. In na ƙi zuwa, yarinyar can da ire-irenta sun rasa wurin da za a saurare su, kuma ni na jawo. In na je, matan da ƙaryata ta kai kunnensu suna zaune a gaba, dole in ƙaryata kaina 'yar tawa tana ji, ni da ake kira malama, in kuma kira sunanta a bainar jama'a, abin da ban taɓa yi ba ko a ɗaki mu biyu. Har yanzu ban huce da ita ba, ita ma ba ta ce in yi haƙuri ba. Amma tana jira, ta riga ta gaya musu Innarta za ta zo.

Me zan yi?