Farin Dutsen Hanyar Karofane

Madawa, watan Janairu 1986

Zuwa ga taubashina Maiguwa, direban kamiyo, babbar motar ɗaukar duwatsu, a Keita,

Sallama irin ta addinin Musulunci, da gaisuwa mai yawa kamar tsabar gero a rumbu, da fatan kana lafiya kai da iyalinka.

Bayan haka, ka san shekaruna a rumfar gyaran rediyo, ka kuma san yadda faso da kaushi ke wahalar da matata Ramatu, har ƙafarta kan yi jini. Na ga kunya ce a ce hannun da ke sa akwati magana ya kasa wa diddige. Sai na ciro ƙaramin moter, injin nan mai juyawa, daga wata matacciyar kaset, na zaunar da shi cikin gangar tocila, na ba shi pil biyu, wato batir. Yanzu kansa na juyawa, mace na iya riƙe shi da hannu ɗaya tana zaune a tsakar gidanta. Na raɗa masa suna Shafa-lafiya.

Saura abin da zan ɗaura a kan. Na gwada soso, ya tarwatse. Na gwada tsingaro, ya yi wa moter nauyi, ya kuma karce ni. Dutse nake biɗa, marar nauyi, mai laushin fuska, kai kuwa cikin duwatsu kake wuni.

Ka samo min dutse mai taushi,
In raba Ramatu da kaushi,
In fid da zuciyata haushi.

Naka har kullum,
Ɗantala

Keita, watan Fabrairu

Ɗantala bawana,

Muna lafiya. Waƙarka ta iso, na karanta wa yaran mota, sun ce gara ka tsaya ga rediyo.

Ga dutse nan cikin tsumma. Ba na wurin aikinmu ba ne, namu duk baƙaƙe ne masu nauyin tsiya. Kamiyo ce ta mace mini a hanyar Karofane, kusa da wani kufai. Ina jiran inji ya huce sai na ga tsibin duwatsu a gefen hanya, da wanga fari a gindinsa, sumul kamar an shekara ana shafa shi. Wani tsohon makiyayi ya yi ta ɗaga mini sanda daga nesa yana kira. Na ɗauka goro yake so, na yi gaba da dutsen.

Ka ce wa Ramatu in ƙafar ta yi kyau ta gudo wurin ubangijin mijinta.

Maiguwa

Madawa, watan Maris

Zuwa ga Maiguwa,

Gaisuwa da girmamawa, ko da ba ka cancanci ta biyun ba.

Na fara wasiƙar nan da murna, ban san da abin da zan ƙare ta ba. Na sassaƙe dutsen, na huda shi, na kafa shi da ƙusa, ya zauna kamar don Shafa-lafiya aka halicce shi. Diddigen Ramatu ya koma irin na jinjiri. Da ta ga haka sai ta kai shi fuska, tana haɗawa da man shanu. Fuskar ta yi sheƙi, har maƙwabciyarmu A'i ta riƙa aikowa aro.

To amma ka san Ramatu Bagobira ce, zanen gidansu na kumatunta duka biyu. Wanzami ya yi shi tun tana cikin zanen goyo. Maiguwa, zanen nan yana shafewa. Na ce ƙila idona ne, sai gwaggonta ta zo daga Sabon Gida, ta yi sallama, ta dube ta, ta ce, "Baiwar Allah, ina matar gidan?"

Ramatu ta yi dariya ta ce, "Kai Gwaggo, tsufan har ya kai nan?" Tsohuwa ba ta yi dariya ba. Ta kama haɓar Ramatu ta juya ta wajen rana, ta nuna mini wani siririn layi da ke fitowa daga gefen hanci zuwa kuncin hagu. Shatani ne, irin wanda babu shi a danginsu. Ba jini, ba ciwo. Da na ga A'i a bakin rijiya, ita ma ga shi nan a nata kuncin.

Na cire pil na ɓoye. Da hantsi na dawo ɗaukar filaya, na tarar da Ramatu a inuwar ɗaki tana goga Shafa-lafiya a fuska, kan kuma yana juyawa, pil ɗin na aljihuna.

Na so fuska ta yi haske,
Ga shi ta zama tamkar allon da aka wanke,
Wa ke rubutu a kai kafin in farke?

Don Allah ka koma ka nemi tsohon makiyayin nan.

Ɗantala

Keita, watan Afrilu

Ɗan'uwana Ɗantala,

Yau ba wasa. Na same shi, sunansa Yaya. Da ya gane ni sai ya yi salati.

Ya ce wurin nan kushewa ce. A wata tsohuwar yunwa, zamanin kakansa, aka tsinci wata baƙuwa ta mutu a gefen hanya. Rana da tsuntsaye sun riga mutane zuwa. A lokacin da zanen fuska ake gane dangin mamaci a aika musu, ita kuwa babu fuskar da za a karanta. Aka rufe ta ba suna, aka kafa farin dutsen a wajen kanta. Tun daga nan duk mai wucewa sai ya ƙara dutse ya shafi farin ya yi addu'a. Ana sawa ne, ba a ɗauka. Kowane yaro a nan ya san haka, ni da ke kwasar duwatsu kullum hannuna ya saba da ɗauka.

Na ce, "Baffa, mi take so?" Ya ce, "Abin da ta rasa."

Ka ciro dutsen ka kawo shi da kanka, kada ka ba kowa saƙo. Allah ya yafe mini.

Maiguwa

Madawa, ranar Laraba

Maiguwa,

Sallama. Na ƙwace Shafa-lafiya na buɗe. Dutsen ya cinye, ƙusa kawai ta rage. A'i ta daina tun da wuri, nata layin ya dushe. Sauran dutsen duk yana fuskar Ramatu, don haka ita zan kawo.

Ban gaya mata inda za mu ba, amma ta ɗaure kayanta, ta ce ta san hanya. Juma'a za mu taso. Ka zo da Yaya da malamin da zai yi addu'a, in Ramatu ta faɗi wani suna a wurin a yi wa mai kushewar addu'a da shi, ko ta sakar mini matata.

In ka gan ta kada ka yi mata wasan da ka saba. Jiya na ambace ka, ta tambaye ni wane ne Maiguwa.

Yau ba ni da waƙa.

Ɗantala