Kada A Sauya Ban Sani Ba

Penang, Malesiya
Nuwamba, 2006

Yaya Bappayo,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Yaya Inna da ƙafarta? Yaya mutanen Katagum?

Ni lafiya lau, abincin mutanen nan ne kawai har yanzu bai karɓe ni ba. Sai dai zuwana Azare ya fasu. Ka san aikina a kamfanin wayar salular nan shi ne bin diddigin kowane canji, na kayan cikin waya da na manhaja, don su dace da juna. To, wani babban injiniya ya sa aka sauya batir da baki kawai, ba a sanar da ni ba. Wayoyi suka fita da sabon batir da tsohuwar manhaja, suna ta mutuwa a hannun mutane. Shi yana can yana hutu, ni aka hana tafiya sai an gyara. Wallahi abin ya ci mini rai.

Idan Khaulat matata ta sauka, ka tsaya a madadina ranar suna, Allah ya bar zumunci. Namiji Fahad, mace Sadiya. Na san halin Baffa, zai iya raɗa wa liman wani sunan. Don Allah ka zauna kusa da shi. Na gaji da jin canji bayan an gama.

Ƙaninka,
Naziru