Mijina ya tafi gadin kujera ya bar ni a gado

Uwargida Gesine, don Allah ki taimaka mini da shawara kafin ƙarshen watan nan, domin akwai amsar da ake jira daga wurina, kuma na kasa ba da ita.

Ni da mijina Eckhard mun haura shekara talatin da aure, a Lübeck muke zaune. Shi ma'aikacin inshora ne, ya yi ritaya bara. Ni kuwa gidan burodin mahaifina na riƙe har gwiwoyina suka gaza, na sayar da shi. Kin san mai burodi ba ta wayar gari a gado. Har ranar Lahadi sai na buɗe, saboda mutanen unguwa ba sa karyawa sai da burodi mai zafi. Ƙarar agogona ta ishi Eckhard, da ɗanmu Sönke ya bar gida sai ya koma ɗakin yaron da kwana. Ban ga laifinsa ba a lokacin. Amma na rufe shago, agogo ya yi shiru, shi bai dawo ba.

Da sanyi ya tsananta muka shirya hutu a tsibirin Mauritius. Na ce masa ni ba yawon ganin gari nake so ba, abu ɗaya nake so, in yi barci har rana ta fito, in buɗe ido in gan shi kusa da ni. Ya yi dariya ya ce, "Haba Mama, don wannan za mu hau jirgi? Fuskar tawa ai tana nan inda kika san ta." Mama yake kirana tun da aka haifi Sönke.

Wurin yana da kyau, ba zan yi ƙarya ba. Farin yashi, ruwa mai ɗumi, ɗakinmu da gado ɗaya babba. Safiyar farko na farka na miƙa hannu, babu kowa. Can sai ga shi ya shigo yana haki kamar wanda ya ciyo gasa. Ya ce, "Na kama mana kujeru biyu a layin gaba, ƙarƙashin bishiyar kwakwa. Saura ƙiris wani mai tumbi ɗan garin Augsburg ya riga ni." Kin dai san halin mutanenmu da shimfiɗa tawul a kan kujerar bakin teku tun kafin kowa ya tashi. Ina jin ana mana dariya a kan haka, ban taɓa zaton a gidana abin yake ba.

Sailer ne sunan mutumin. Daga ranar suka shiga yaƙi, kowa yana ƙara sammako. Ina kwance ina jin Eckhard yana lalubar gajeren wandonsa a cikin duhu, yana sanɗa don kada ya tashe ni. Na san wannan motsin, ni na yi shi tsawon rayuwata. Da otal ɗin suka kafa sanarwa cewa za a riƙa kwashe duk tawul ɗin da aka bari ba mai shi, na yi murna na ce yaƙi ya ƙare. Ashe ban san mijina ba. Sai ya koma zama a kan kujerar da kansa har in fito. Sailer ma haka. Nan suka ƙulla abota, suna hirar fansho da tayoyin mota na lokacin ƙanƙara.

Ranar zagayowar aurenmu ta faɗo a cikin hutun. Na roƙe shi, na ce gobe kaɗai, ya bar kujerun nan. Ya yarda. Uwargida, gara ma da ya tafi. Na farka na same shi a miƙe kamar katako, idonsa a rufin ɗaki, kunnensa a ƙofa. Da silifas ɗin Sailer suka wuce ta baranda sai ya ce, "Ga shi can ya tafi." Wannan ce gaisuwar da na samu. Muka ƙare a layin baya kusa da famfon wanke ƙafa, ya dube ni ya ce, "To Mama, kin ga fuskar, hankalinki ya kwanta? Ga matar Sailer can a kan kujerarki."

Yana cewa domina yake yi, wai fatata ba ta jure rana, kuma gwiwoyina ba za su iya doguwar tafiya a yashi ba. Gaskiya ne. Amma ni ban roƙi inuwa ba.

Da muka dawo, kai tsaye ya wuce da akwatinsa ɗakin Sönke. Maƙwabta suka zo shan kofi, ya ba su labari yana alfahari: "Rana ɗaya kacal muka rasa layin gaba, ita ma Mama ce ta ja mana, wai tana son kallon fuskata." Suka yi ta dariya, ni kuma ina yanka musu kek. Har sun fara shirin komawa baɗi shi da Sailer.

Ƙanwata Dörte tana garin Kiel. Masu haya a gidan da ke ƙasan nata za su tashi, mai gidan yana jiran amsata ko zan kama. Eckhard bai sani ba. Na gaya wa Sönke, ya ce, "A kan tawul za ki bar Baba?" In karɓi gidan, ko kuwa tsufa ne ke sa ni ƙananan tunani?

Tsohuwar mai burodi, Lübeck

Amsa:

'Yar'uwa, ɗanki ya yi kuskure, maganar ba ta tawul ba ce. Kin nemi abu ɗaya, ƙarami, kin faɗe shi a fili, aka hana ki, sannan aka mai da shi abin dariya a gaban baƙi a falonki. Na ƙarshen nan ya fi sauran muni, kuma kina da hakkin jin zafinsa.

Sai dai zan tsaya a wurin mijinki na ɗan lokaci, tun da ba ya nan. Shekaru da yawa shi ne yake farkawa a gado babu kowa. Ba laifinki ba ne, sana'a ce, amma mutum yakan saba da abin da ya daɗe a ciki har ya daina jin rashinsa. Ga kuma ritaya. Namijin da ya saba tashi da safe ya je inda ake buƙatarsa, idan aka raba shi da ofis, zai ƙirƙiro wa kansa wani, ko da gadin kujera ne. Na yarda a ransa hidima yake miki. Hidimar da ta fi masa sauƙi ya zaɓa, ya bar wadda kika nema, domin kama kujera ya iya, kwanciya shiru kusa da matarsa kuwa ya manta yadda ake yi. Wannan bayani ne, ba uzuri ba.

Inda ban goyi bayanki ba shi ne ɓoye maganar Kiel. Ƙanwarki ta sani, ɗanki ya sani, mai gida ya sani, sai wanda abin ya fi shafa. A ganinsa hutu ya yi kyau, matarsa ta ɗan yi fushi rana ɗaya. Ba a yanke wa mutum hukunci bai san ana shari'arsa ba.

Ki zaunar da shi a makon nan, da rana, ku biyu. Ki fara da gidan Kiel da ranar da ake jiran amsa, don ya san ba ƙorafin da aka saba ba ne. Ki gaya masa abin da kika ji lokacin da maƙwabta ke dariya. Sannan ki nemi abu biyu: ya dawo da matashin kansa ɗakinku, kuma ya fasa tafiyar baɗi da Sailer. Kada ki ƙara na uku, kada kuma ki taya shi ɗaukar matashin.

Ki shirya wa abin da zai iya biyo baya. Yana iya dawowa ki tarar minsharinsa ya hana ki barci, ku koma ɗaki biyu da yardar juna. Wannan ba faɗuwa ba ce, tun da ya zo da aka kira shi. Amma idan ya sake mai da maganar wasa, ko ya ce sai ya yi tunani har wata ya ƙare, to kin sami amsarki daga bakinsa. Ki karɓi gidan. Kiel ba nisa, kuma zama dabam ba saki ba ne. Kaɗaicin da mutum ya zaɓa ya fi sauƙin ɗauka a kan na cikin gida ɗaya da miji.

Ina miki fatan ƙarfin zuciya a zaman da za ku yi, da barci mai daɗi a duk gidan da kika wayi gari.

Gesine