Ruwan Rijiya ta Tara

Qinshui, ƙarshen hunturu

Zuwa ga 'yata Yanni,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya kina kuma cin abincin kirki. Na rubuto ne saboda a waya katse ni kike yi.

Babanki ya kusa cika shekara uku da rasuwa, lokacin kafa dutse a kabarinsa ya zo. Mai sassaƙa ya tambayi abin da zai rubuta, na ce: Luo Shuanzhu, mai kula da rijiyar gas ta tara. Baffanki Erbao ya ture kwanonsa ya ce, "Matar yaya, ki rufa mana asiri. Kowa ya san kamfani ya kore shi ne don ya kashe rijiyar. Abin kunya za mu sassaƙa a dutse?" Na ce masa, "Aikinsa ka gada, ba bakinsa ba. Cinye taliyarka."

Kin san abin da suka ce: wai ya ƙara wa injin jan ruwa gudu, garin kwal ya toshe hanyar gas. Da maganar nan ya kwanta, da ita ya tafi. Ga shi har yau injin na ja, ruwa na zuba, gas shiru. Kin taɓa faɗa mana sai an zuƙe ruwan da ke cikin kwal kafin gas ya taso, kuma tsohon ruwan kwal gishiri gare shi. To, sauran rijiyoyin bakin kududdufinsu fari fat yake da gishiri. Ruwan ta tara kuwa agwagin maƙwabciyarmu Gwaggo Miao ke sha suna ƙiba. Ni ban yi karatu ba, ke kika yi. Ga ruwan a tulu, ki auna.

Ki riƙa sa rigar sanyi.

Mamanki, Gaixiang

*

Taiyuan

Mama,

Ina gaishe ki da girmamawa. Saƙo ya iso. Mama, tulun khal ne fa, ruwan tsamin nan da muke zuba wa taliya. Ina buɗewa ɗakin gwajin duk ya ɗauki ƙamshi, abokin aikina ya ce saura taliya. Tsamin ya lalata ruwan, ba abin da zai nuna.

Ki tuna ni ma kamfanin nan nake wa aiki, haka Baffa. In ruwan ba na kwal ba ne, rufe rijiyar za a yi, kuma waɗanda suka kori Baba ba za su gode mini ba. A rubuta sunansa kawai. Ya huta, mu ma mu huta.

Ki gaishe da mutanen gida.

'Yarki, Yanni

*

Yanni,

Na gaishe ki, duk da raina a ɓace yake.

Na wanke tulun nan har hannuna ya yi ja. A gidanmu akwai abin da bai taɓa ganin khal ba? Babanki ko shayi da za a bar shi sai ya ɗiga. Ki yi dariya, na yarda.

Amma kada ki sake ce mini ya huta. Ba kya nan lokacin da ya daina fita dandali buga dara, saboda in ya zauna sai hira ta mutu. Ba kya nan da yake juya fuska bango in ya ji ƙarar injin. Ranar ƙarshe ina goge masa ƙafa ya ce, "Gaixiang, ban ƙara gudun ba." Bai ce in kula da gida ba, bai ma ambace ki ba. Wannan kawai ya bar mini.

Na sayi kwalabe sababbi a kantin magani. Baffanki ya tare ƙofar wajen rijiyar ya ce ba a shiga. Na ce, "Ta nan nake kai wa yayanka abinci tun kana yawon neman aiki. Matsa." Ya matsa. Shi ya riƙe mini kwalbar ma, yana kallon wani wajen. Da zan tafi ya ce ƙasa-ƙasa, "Ki haɗa da na marmaron bayan gari. Kullum raguwa yake."

Ga su nan biyu. In tsoro kike ji, ki dawo mini da su, zan hau bas in nemi wani ɗakin gwajin. Dutsen zai zauna babu rubutu har sai na ji.

Har yanzu ke 'yata ce. Ki ci abinci.

Mamanki

*

Mama,

Ina gaisuwa, ki kuma yafe mini daɗewar.

Ruwa ɗaya ne a kwalabe biyun. Gishirin kaɗan ne, kuma duk abin da na auna a ɗaya na same shi a ɗayar. Rijiyar ta faɗa tsagar dutse tun ranar da aka haƙa ta, ruwan marmaronmu take ja. Ko wa aka sa a kan injin, ba za ta ƙafe ba, gas ba zai taso ba. Baba bai yi komai ba.

Na miƙa rahoto. Shugabana ya ce zai fi mini sauƙi a cire sunana, tunda Luo ne, sunan gidan Baba. Na ce ai shi ya sa za a bar shi. Ban san abin da za su yi da ni ba, ko da Baffa.

Ki ce wa mai sassaƙa ya fara.

'Yarki, Luo Yanni

*

'Yata,

Gaisuwa. An fara. Baffanki ne ya ɗauko dutsen a bayan kekensa.

In sun kore ki, ɗakinki na nan. Ki zo mini da tuluna. A ciki zan kai wa babanki khal kabarinsa.

Mamanki